Kaska, ƙuma da tsutsar zuciya: yadda nake zaɓar wa dabbobin gidanmu magani a Legas

A Legas babu watan da kaska ke tafiya hutu. Da wannan nake fara ba duk wanda ya tambaye ni maganin da zai saya wa karensa amsa, domin yawancin abin da ke intanet kan wannan batu Amurkawa da Turawan Ingila ne suka rubuta wa junansu, mutanen da ƙanƙara ke sauko musu ta rage musu ƙwari na wasu watanni. Mu nan ruwa na kankama wajen Afrilu, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ko ɗan hunturun da ke leƙo mu ba ya busar da garin yadda yake busar da Kano. Ɗumi da danshi kuwa su ne abin da kaska da ƙuma da sauro ke nema. Don haka maganar a ba da magani da damina a huta da rani ba tamu ba ce.

Ni ba likitan dabbobi ba ne. Ɗan kasuwa ne, ina da siton wake da masara a kusa da Mile 12, gidanmu kuma yana Agege. Karnuka biyu ke gadin gidan: Duna, karen gida ne tsantsa, gajeren gashi, ba ya laulayi, sai Zaki, ruwa biyu, uban Alsatian ne, gashi cunkus. Akwai kuma kyanwar Hajiya mahaifiyata, wadda ta fi kowa iko a gidan. Masu tambayar me Musulmi ke yi da kare, amsar gajeriya ce: na gadi ne, a waje suke kwana. Wanda kuma ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ya san duk dabbar da ka ɗaure a gidanka, haƙƙinta na wuyanka.

A ganina kaska ce babbar abokiyar gaba a garin nan, kuma da ita ya kamata a fara lissafi. Wadda ta fi damun karnukanmu ita ce ƙaramar nan mai ruwan ƙasa, kuma halinta ya bambanta da na kaskar daji da makiyaya suka sani. Ita ba ta bukatar ciyawa. A cikin gida take iya yin rayuwarta kaf. Sau uku take hawa jikin kare a tsawon rayuwarta, kowane karo ta sha jini ta sauko. In macen ta ƙoshi a karo na ƙarshe sai ta faɗo, ta nemi tsaguwa a bango ko ƙarƙashin katakon keji, ta zuba ƙwai dubbai. Tana hawa bango ta yi sama, shi ya sa za ka gan ta a bakin taga ko ƙarƙashin kwanon ɗakin kare. Kuma takan yi watanni a laɓe ba ta sha jini ba, ba ta mutu ba. Da Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, da sun ga katangar bulo ta Legas da ba a yi wa filasta ba, da sun sa kaska a maganar.

Wannan ne dalilin da mutum zai wanke karensa tas ranar Asabar, ya tsince kaskar duka, kafin Laraba ya ga kunnuwan sun sake cika, sai ya ce maganin jabu ne. Wataƙila jabun ne. Amma sau da yawa maganin ya yi aikinsa, sababbi ne suka sauko daga bango.

Ba jinin da take sha ne kaɗai matsalar ba. Tana ɗauke da ƙwayoyin cutar da likitoci ke haɗawa su kira zazzaɓin kaska. Ɗaya, Babesiya, tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su. Kare ya yi laushi, ya ƙi abinci, fitsarinsa ya yi duhu. Ɗayar, Erlikiya, ta fi zama a ɓoye, tana rage sinadaran da ke sa jini daskarewa, wata rana ka wayi gari kare na haɓo. Abin da likitarmu ta koya mini, kuma nake koya wa kowa: ɗaga leɓen karen ka dubi dasashinsa. Mai lafiya jaja-jaja ne. In ka ga ya yi fari ko ya koma rawaya, bar duk abin da kake yi ka kai shi a ɗebi jini. Maganin Erlikiya ƙwayar doksisaikilin ce, ta kwana 28, kuma mutane na yawan dainawa a mako na farko da zarar kare ya fara cin abinci. Cutar kuwa tana nan.

Ina da magana da 'yan uwana masu harkar shanu a abbatuwar Oko-Oba da sauran wurare. Sun san allurar Berenil sarai, da ita ake maganin sammore, kuma gaskiya ne ana amfani da ita wa Babesiya a kare. Sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkar da kare da adadin da ke taɓa masa ƙwaƙwalwa kaɗan ce ƙwarai, musamman in aka maimaita allurar kusa-kusa. Hannun da ya saba da bijimi ba zai auna wa kare mai kilo 20 da ido ba. A bar wa likita wannan.

To, me za a saya? Abin da ke kasuwa kala huɗu ne, kuma ban ɗauke su daidai ba.

Mafi araha shi ne na wanka, irin mai sinadarin amitiraz da ake tsarma shi a ruwa. Yana kashe kaska, ba musu. Amma ƙarfinsa ba ya daɗewa a jiki, sai an riƙa maimaitawa, kuma in aka zuba fiye da kima kare zai yi ta layi da barci, bugun zuciyarsa ya ragu. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ke yin wankan. Ka zaga Lekki, Magodo, Ikeja, yawancin gidajen da ke da manyan karnuka, mai gadi ne ke kula da su, mai gadin nan kuma sau da yawa ɗan Arewa ne. A miƙa masa kwalba, ba safar hannu, ba bayani, ya tsoma hannu har gwiwa a ruwan guba kowane mako. Namu mai gadin ya ce mini, "Alhaji, ai a gidan da na baro da murfin kwalbar nake aunawa, in kaskar ta yi yawa in ƙara ɗaya." Ya faɗa ne yana alfahari da ƙwarewa. Idan kai ne ke wannan aiki, ka nemi safar roba, ka yi a fili inda iska ke kaɗawa, ka bi ma'aunin da aka rubuta, kada ka zubar da ragowar inda kaji ko yara ke wasa. Kyanwa kuma ko kusa kada ta zo.

Na biyu shi ne wanda ake ɗigawa a bayan wuya, irin su Frontline mai sinadarin fifronil. Ana buɗa gashi ne a ɗiga a kan fata, tsakanin kafaɗu inda harshe ba ya kaiwa, daga nan ya bi maiƙon fata ya yaɗu. Ba a yi wa dabbar wanka kwana biyu kafin a sa da kwana biyu bayan an sa. A nan yake samun cikas a Legas. Kare na kwana a waje ruwa na dukansa, ga masu gida da ke son a wanke shi kowane mako da sabulun wanki mai yanke maiƙo. An ce wata guda, amma a irin wannan hali ba ya kaiwa. Ga Zaki mai gashi cunkus, ko kai maganin kan fata aiki ne. A Amurka da Burazil ma an gano wannan kaska ta fara jure wa wasu daga cikin tsofaffin magungunan.

Na uku abin wuya ne. Mai kyau a cikinsu, kamar Seresto, yana kaiwa wata bakwai zuwa takwas, kuma in ka raba kuɗin a kan watannin ba shi da tsada. Yawan wanka na rage masa kwana. Ni bai yi mini ba, don karnukana da cizon wuya suke wasa, amma ga mai kare ɗaya abu ne mai sauƙi. A ɗaura shi yadda yatsu biyu za su shiga.

Na huɗu, wanda na tsaya a kai, ƙwayar taunawa ce. NexGard da Simparica wata-wata ne, Bravecto mako 12. Ba su daɗe a duniya ba, wajen 2013 da 2014 suka fara fitowa. Maganin yana zama a cikin jini, duk kaska ko ƙumar da ta ciji kare ta sha ajalinta. Ruwan sama ba ya wanke shi, sabulu ba ya wanke shi, yaro ya shafa kare ba abin da zai manne masa a hannu. Yana kuma maganin ƙazuwar nan da ke cinye gashin kare. A gidan da kaska ta yi kaka-gida, kare da kansa ya zama tarko: duk wadda ta sauko daga bango ta hau shi, ba za ta koma ta yi ƙwai ba. Cikin 'yan watanni sai ka ga bangon ya yi sauƙi.

Akwai abubuwan da mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Takardar Bravecto ta ƙasashen Turai ta ce mako 12 ga wasu nau'o'in kaska, amma ga wannan mai ruwan ƙasa, tamu ke nan, mako 8 ta rubuta. Don haka in kana amfani da shi ka ga kaska ta fara dawowa a wata na uku, ba lallai an cuce ka ba ne, ka yi magana da likita kan tazarar. Sannan a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wannan dangin magani kan jawo wa wasu dabbobi karkarwa, tangaɗi ko farfaɗiya. Mafi yawan karnuka lafiya lau suke sha, amma wanda ya taɓa faɗuwa, a gaya wa likita kafin a ba shi. Abu na uku, sai kaska ta ciza kafin ta mutu. Babesiya kan bukaci kwana ɗaya zuwa biyu kaska na manne kafin ta shiga jini, don haka ƙwayar na riga ta. Erlikiya kuwa cikin 'yan sa'o'i tana iya shiga. Ke nan ƙwaya ba ta ɗauke maka duba dasashi da gyaran bango ba.

Maganar nauyi kuma ba a yin ta da ido. Ana sayar da ƙwayar ne bisa kilo: Bravecto, misali, akwai na kilo 10 zuwa 20, na 20 zuwa 40, na 40 zuwa 56. Masu manyan karnukan Boerboel su lura, da yawansu sun wuce nan. Ni a sikelin buhu nake auna nawa: yaro ya hau shi kaɗai, ya sake hawa rungume da kare, a ɗebe. Dabarar sayen babbar ƙwaya a raba wa karnuka biyu don tsimi, kamfanin da kansa ya ce kada a yi. A ba da Bravecto tare da abinci, kuma a tsaya a ga ya haɗiye. Duna ya iya riƙe abu a kumatu ya je bayan tanki ya tofar.

Yanzu kyanwa. In ba za ka riƙe komai daga wannan rubutu ba, riƙe wannan: maganin kare na iya kashe kyanwa. Sinadarin fametirin, wanda ke cikin Advantix da wasu magungunan ɗigawa na kare da yawa, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, don ba ta da isasshen abin da hantar kare da ta mutum ke narkar da shi da shi. Ɗigo kaɗan ya isa ta fara rawar jiki, kunnuwa na fizga, yawu na dalala, daga nan sai farfaɗiya. Ba sai an ɗiga mata ba ma. In ta goga jikinta a karen da aka sa wa ɗazu, ko ta lashe shi, ya wadatar. Wannan raunin hanta ne ya sa ƙwayar farasitamol ɗaya ke iya kashe ta, kuma shi ya sa maganin goge ƙasa irin wanda ke sa ruwa ya yi fari fat bai dace da inda take kwanciya ba. In tsautsayi ya faru, a wanke wurin da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a nufi asibitin dabbobi nan take.

Hajiya ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ga ragowar maganin ɗigawa na kare da wani maƙwabci ya kawo, ta ce, "Kai, ba duk ƙwari ba ne? Ɗiga wa 'yar nan kaɗan mana, ka ga yadda take susa." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan in ya taɓa ta ba za ta kwana ba. Gobe in Allah ya kai mu zan kawo nata." Ba ta yarda da ni ba sai da likitar ta faɗa mata da bakinta. Saboda kyanwar nan ne fametirin ba ya shigowa gidanmu, duk da cewa yana da wata fa'ida da ƙwaya ba ta da ita, wato yana korar kaska da sauro tun kafin su ciza. Gidan da babu kyanwa, zaɓi ne mai kyau.

Abin da ke damun kyanwa dai ƙuma ce. Ba kasafai ake ganinta ba, don kyanwa na lashe jikinta ta haɗiye su. Hanyar ganewa: a taje ta da mataji mai ƙananan haƙora a kan farar takarda, a ɗiga ruwa a kan baƙin garin da ya zubo. In ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, jinin kyanwarka ne. Macen ƙuma na iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a rana, kuma ƙwan ba ya manne a gashi, zubowa yake yi a duk inda dabbar ta kwanta. Waɗanda ke jikin dabba kaɗan ne ƙwarai, mafi yawa suna cikin kafet, ƙarƙashin kujera, da tsagar siminti, a matsayin ƙwai da tsutsa. A gidanmu hedikwatarsu dardumar da ke gefen gadon Hajiya ce. Shi ya sa ake cewa a yi aƙalla wata uku a jere ana ba kowace dabba a gidan magani, ana wanke shimfiɗa ana shanyawa a rana, kafin a ce an ci ƙarfinsu. Haɗiye ƙuma kuma na sa tsutsar ciki, wadda za ka ga gutsattsarinta fari kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiya. 'Yan jariran kyanwa kuwa ƙuma na iya shanye musu jini har lahira. Masu kaji su ƙara da duba gefen kunnen kyanwa da na kare, akwai wata ƙumar kaji da ke kafewa a nan ba ta tsalle. In an gan ta, akurki ne tushen.

Wa kyanwar Hajiya na zaɓi maganin ɗigawa mai selamektin, wanda ake sayarwa da sunan Stronghold ko Revolution, sau ɗaya a wata. Yana kashe ƙuma, da ƙwarin cikin kunne, da wasu tsutsotsin ciki, yana kuma kare ta daga tsutsar zuciya. Ba shi da ƙarfi kan kaska sai wanda aka rubuta wa Plus, amma ita ba ta yawo a inda karnuka ke kwana. Fifronil na kyanwa ma yana da aminci, har na fesawar ana yi wa jariran kyanwa. Sai dai masu kiwon zomo su nisanta shi da zomayensu, yana kashe su.

Sai tsutsar zuciya, wadda shafukan Amurka ke sa wa a gaba, kuma suna da dalili, don ta addabi jihohinsu na kudu. Sauro ne ke ɗaukar 'ya'yanta daga jinin wani kare ya zuba wa wani. Sukan ɗauki wata shida zuwa bakwai kafin su girma, su zauna a jijiyoyin huhu da ɓangaren dama na zuciya. Babbar macen na kaiwa santimita 30, kuma tana iya shekara biyar zuwa bakwai a jikin kare. Alamun ba sa fitowa da wuri: ɗan tari, saurin haki, rama, daga baya ciki ya tara ruwa. An samu rahotonta a karnukan Najeriya, sauro kuwa, wanda ya kwana kusa da lambatun Agege ba sai an ba shi labari ba.

Ni dai ban sa ta gaba da kaska ba, amma ban yar da ita ba, saboda wahalar maganinta. In ta girma, allurai uku ake yi wa kare a cikin naman baya da wani magani mai sinadarin arsenik, sannan a tsare shi makonni ba gudu ba tsalle, don gawar tsutsar na iya toshe jijiyar huhu. Ka ce wa karen gadi kada ya yi gudu wata biyu, ka ga aiki. Kyanwa kuma babu ma maganin da aka amince da shi na kashe manyan a jikinta, kuma tsutsa ɗaya ko biyu na iya ajalinta.

Yadda maganin kariyar ke aiki ya kamata a fahimta. Ba ya hana sauro cizo, ba ya kuma zama a jiki yana jira. Baya yake dubawa: ƙwayar da ka bayar yau tana kashe 'ya'yan tsutsar da suka shiga cikin watan da ya wuce. In ka tsallake wata biyu ko uku, wasu sun girma sun wuce inda maganin ke iya kama su. Kuma karen da ya haura wata bakwai ba a fara masa sai an gwada jininsa, don in yana ɗauke da manya da 'ya'yansu fal a jini, kashe 'ya'yan lokaci guda na iya jefa shi cikin mawuyacin hali. Akwai ɗan abin gwaji da ke nuna tsutsar zuciya da Erlikiya a ɗigon jini ɗaya cikin mintuna, ka tambayi likitanka ko yana da shi. Sau ɗaya a shekara ya isa.

Nan ne maganar allurar ibamektin ke shigowa, wadda kusan kowane mai kare a Legas ya sani. Magani ne mai daraja. Shi ne dai ake rabawa kyauta da sunan Mectizan don cutar makantar bakin rafi, kuma waɗanda suka gano shi, Satoshi Omura da William Campbell, sun samu lambar Nobel a 2015. Amma kwalbar da ke yawo a hannun mutane ta shanu ce. Adadin da ke kare kare daga tsutsar zuciya maikurogiram 6 ne kacal a kowane kilo, abin da sirinjin shanu ba zai iya aunawa ba. Abin da ake ɗura musu ya ninka haka sau gommai. Wasu karnuka, musamman dangin Collie da wani kaso na Alsatian, suna da gadon da ke barin maganin ya tsallaka ƙwaƙwalwa, sai makanta, tangaɗi da suma. Kuma ba maganin kaska na dogaro ba ne. Wasu daga cikin kaskar za su zube, ba da daɗewa ba wasu su hau, ƙuma kuwa ko a jikinta.

Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne duba sunan sinadari yadda aka rubuta shi da Turanci a jikin kwali maimakon hoton karen da ke murmushi. Wutsiyar sunan nake dubawa. Wanda ya ƙare da haruffan laner, dangin ƙwayar taunawa ne, na kaska da ƙuma. Wanda ya ƙare da ectin, ko ya fara da milbe, na tsutsar zuciya ne. Wanda ya ƙare da thrin, irin su fametirin, a nisanta shi da kyanwa, sai fa abin wuyan Seresto da aka yi musamman dominta. Da haka za ka gane NexGard zalla ba ya taɓa tsutsar zuciya, sai NexGard Spectra ko Simparica Trio. Heartgard ba ruwansa da kaska. Advocate na maganin ƙuma da tsutsa amma ya bar kaska. Mutane da yawa na biyan kuɗi mai yawa suna zaton sun rufe kowace ƙofa.

Duna da Zaki ƙwayar wata-wata mai haɗe da komai suke sha, ranar da nake biyan mai gadi albashi, don kada a manta. Tsada kam akwai, kuma farashin na bin dala. Watan da kasuwa ta yi nauyi, ga yadda nake jera su: maganin kaska ba ya tsayawa, na kyanwa ba ya tsayawa, sauran in yi shawara da likita. Buhun siminti ɗaya da aka toshe tsagogin ɗakin kare da shi ya yi mini aikin da feshi da yawa bai yi ba. In za a yi feshin, a kira waɗanda suka iya, a fitar da dabbobi da kwanukansu, a bi bango har sama, a maimaita bayan 'yan makonni saboda ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba.

Jabu kuma ya yi yawa. Ina saye ne a asibitin dabbobi da likitansa ke da rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, in duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Wanda aka ce maka rabin kuɗi ne a Instagram, ko aka zaro maka ƙwaya ɗaya ba kwali ba takarda, ko wanda ya yini a rana a kan tebur, araha ce da ba ta ado. Su kuma masu shafa wa kare baƙin mai, kananzir, fiya-fiya ko Sniper, wanda tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni, su sani fata na tsotsar guba, kare kuma na lasar jikinsa. In ka ga kaska ɗaya biyu, hantsaki ya isa: kama ta dab da fata, ja a hankali ba murɗawa, jefa ta a ɗan kananzir cikin gwangwani. Kada a fasa ta da farce, tana cizon mutum ita ma kuma tana da cutar da take ba shi. A duba cikin kunne da tsakanin yatsun ƙafa.

Lokacin da na fi sa ido a shekara shi ne makon Babbar Sallah. Raguna na sauka daga Arewa a Agege, a sayo a ɗaure a tsakar gida kwanaki, da yawa ɗauke da tasu kaskar, manya masu dogon baki da ke barin gyambo. Wasu kuma an zuba musu maganin ƙwari na dabbobi a gadon baya kafin a kawo su kasuwa, irin mai thrin ɗin nan, kyanwa kuwa ba abin da take so kamar kwanciya a kan harawa. Don haka nakan tabbatar karnuka sun sha ƙwayarsu kafin ragon ya iso, a ɗaure shi can gefen tanki nesa da ɗakinsu, kyanwar ta yi zamanta a ɗakin Hajiya har a yi yanka. Bayan Sallah a share ragowar harawa da kashin a fitar da su daga gidan a ranar, fatar ma ba ta kwana.